Yadda Ake Zaɓen Sifirin da Shok ga Tsohuwar Land Cruiser ko Hilux

Land Cruiser samfurin 80, wadda kamfanin Toyota ya ƙera daga 1990 zuwa 1997, har yau tana ɗaukar mutane da kaya a hanyoyin da ƙananan motoci ba sa kusanta, haka ma Hilux da a-kori-kurar Land Cruiser samfurin 75 da 79, waɗanda su ne ƙashin bayan zirga-zirga tsakanin Agadas da Dirku da kuma ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Injin waɗannan motoci, musamman 1HZ na Land Cruiser mai shan dizal, yakan riga ya ga bayan ƙafarsu, wato sifirin da shok da sauran kayan da ke haɗa taya da jikin mota, sau biyu ko uku kafin a buɗe shi. Saboda haka mai tsohuwar mota yakan wayi gari ya ga bayanta ya zauna, tana dukan ƙasa a kowane rami, tana rangaji a kwana, sai ya fara tunanin sauya kayan ƙafa da waɗanda suka fi na asali. A nan ne mutane da yawa suke ɓarnar kuɗi, domin tambayar da suke fara yi ita ce inci nawa za a ɗaga motar, alhali abin da ya kamata ya ja ragamar zaɓin shi ne nauyin da take ɗauka kullum da irin hanyar da take bi. Tsayi yana zuwa ne daga baya, kuma kaɗan ake buƙata.

Mataki na farko shi ne ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motarka ka tabbatar da irin ƙafar da take da ita, domin sunan mota kaɗai ba ya isa. Samfurin 60, na shekarun 1980, da samfurin 75 suna kan sifirin mai ganye gaba da baya. Samfurin 80 tana kan koyil, wato naɗaɗɗen sifirin, a ƙafafu huɗu, da aksil ɗin ƙarfe guda mai haɗa tayar dama da ta hagu a gaba da baya, kamar Nissan Patrol samfurin Y60 da Y61. Daga 1999 samfurin 78 da 79 suka koma koyil a gaba, ganye a baya. Samfurin 100 da ta fito a 1998 da kuma Hilux ta 1997 zuwa 2005 suna da ƙafar gaba mai zaman kanta, wadda sandar ƙarfe mai murɗuwa ke riƙe da nauyinta, sai dai samfurin 105 wadda ta gaji aksil da koyil na samfurin 80. Hilux ta 2005 zuwa sama kuwa koyil ne da shok a haɗe a gaba. Kowane tsari yana da iyakar abin da zai karɓa, kuma lambar shasin motar ita ce za ta raba ka da gardama a gaban mai sayar da kaya.

Mataki na biyu gyara ne, tun kafin a sayi komai sabo. Sabon sifirin ba ya warkar da ƙafar da sauran gaɓoɓinta suka mutu, hasali ma yakan tona asirinsu, domin yana canza kusurwar da suka saba zama a kai. A ɗaga motar a kan jak, a sa mata matokari masu ƙarfi, sannan bakanike ya ɗauki doguwar liba ya soka ta kusa da kowane bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, ya danna. Robar da ke da rai za ta ɗan lotsa ta dawo, wadda ta mutu kuwa za ka ga ta tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara, ko ka ga ƙarfen tsakiyarta ya rabu da ita yana yawo, wani lokaci da jan ƙura na tsatsa a bakinsa. A kama taya a sama da ƙasa a girgiza don jin boris da na wuyan aksil, a kama ta dama da hagu don jin kawunan tayarod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya. A samfurin 80 a wanke shasi a wajen da akwatin sitiyari ya ɗauru da wajen da sandar Panhard, mai hana aksil zamewa gefe, ta kama, a haska da tocila, domin wuraren nan sun yi suna wajen tsagewa a motocin da suka sha gargada. A motar ganye kuma a duba ko akwai ganyen da ya karye, ko senta-bol da ke haɗe ganyayen a tsakiya ya gutsure, ko kunnen shakul, maratayin da ke haɗa ƙarshen ganye da shasi, ya cinye ya zama ƙwai. Idan motar tana kaɗa sitiyari da ƙarfi bayan ta taka rami, kada a yarda a rufe matsalar da sabon shok na sitiyari. Cutar tana cikin bushin, boris, tayarod ko balansin taya, kuma a can za a neme ta.

Mataki na uku shi ne awo, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa duk da cewa shi ne ginshiƙin aikin. Ka tsayar da motar a daɓe mai daidai, tankinta a cike, ka auna da tef daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin bodi da ke samanta, a ƙafafu huɗu, ka rubuta. Ana aunawa daga cibiya ne don kada girman taya ko iskar da ke cikinta su shiga lissafi. Sannan ka loda mata kayan da take ɗauka a tafiya ta gaske, mutane su shiga, ka sake aunawa. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne zai gaya maka yadda sifirin ɗin yanzu yake fama. Idan akwai sikelin manyan motoci kusa da kai, irin na kamfanonin fasa dutse ko na masu sayen hatsi da ƙarafa, ka roƙi a auna maka gaba daban, baya daban, a wofi da kuma a lode.

Dalilin wannan wahala shi ne mutane ba su cika sanin nauyin da suke ɗora wa mota ba. Samfurin 80 a wofi tana kai kimanin kilo 2,200, kuma iyakar nauyin da aka yarda mata gaba ɗaya bai kai kilo 3,000 ba. Ainihin adadin motarka yana rubuce a farantin da ke jikinta ko a littafinta. Yanzu ka lissafa da kanka. Bamba ta ƙarfe a gaba tana kai kilo 50 zuwa 60, winci na janyo mota idan ta maƙale kimanin 35, kariya ta ɗora kaya a kan rufi kusan haka, taya ta biyu ta ajiya kusan 35 zuwa 40. Jarkar ƙarfe mai lita 20 cike da dizal ta ɗan haura kilo 20, biyar sun zama sama da 100, ruwan sha lita 60 kilo 60 ne, manya shida kuma sun haura 400. Kafin a sa buhu ɗaya na kaya an riga an cinye abin da motar za ta iya ɗauka. A a-kori-kura kuwa duro guda na dizal mai lita 200 yana kusantar kilo 190 idan aka haɗa da nauyin duron. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau: sifirin mai ƙarfi yana miƙar da mota ta daina zama, amma ba ya ƙara wa aksil, boris, birki ko shasi ƙarfin komai. Motar da aka yi wa lodin da ya wuce ƙima tana nan a cikin haɗari ko da ta tsaya cak a ido.

Daga wannan lissafi ka ware nauyi kashi biyu, wato wanda ba ya sauka daga motar, kamar bamba da winci da kariya da ƙarin tanki, da wanda yake hawa yana sauka. Mataki na huɗu, zaɓen sifirin, yana dogara ne a kan kashi na farko. Kamfanonin Ostireliya da suka shahara a wannan fanni, irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons da Tough Dog, suna jera sifirin ɗinsu ne bisa ƙarin nauyin dindindin: a gaba akwai na motar da ba ta da bamban ƙarfe, da na mai bamba, da na mai bamba da winci, a baya kuma akwai na matsakaicin kaya, da na ƙarin kilo 200, da na 400 har zuwa sama. Yadda lissafin yake ba shi da wuya. A ce koyil yana lotsawa milimita ɗaya a duk kilo 4, to biyu a baya suna ɗaukar kilo 8 kafin su sauka milimita ɗaya. Kilo 200 a kan aksil zai saukar da motar milimita 25, kilo 400 kuma milimita 50, wato duk tsayin da ka saya da kuɗinka ya tafi. Kayan da ke bayan aksil, kamar taya da jarkoki a kan ƙofar baya, suna danna sifirin fiye da nauyinsu, suna kuma ɗaga gaba su rage wa sitiyari riƙo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi mafi ƙarfi da tunanin cewa ya fi ƙarko. Motar da ke yawo a wofi kwana shida a mako a kan sifirin kilo 400 ba ta lotsawa ko kaɗan, sai ta riƙa tsalle a gargada, tayoyin baya suna barin ƙasa, birki yana rasa kamu, kuma duk dukan da sifirin ya ƙi shanyewa yana wucewa ne zuwa shasi da bodi da bayan fasinja. A ganina wanda yake ɗaukar kaya mai nauyi jefi-jefi ya fi dacewa da matsakaicin sifirin, ko koyil mai ƙaruwar ƙarfi wanda yake da laushi a farko ya yi tauri idan ya lotsa, ko kuma a motar ganye a sami wanda ke da ganyayen taimako a ƙasa waɗanda ba sa shiga aiki sai kaya ya danna. Wanda kuma motarsa ba ta taɓa tafiya ba lodi, kamar masu jigilar kasuwannin ƙauye ko motar asibiti mai ɗauke da kayan aiki, shi ne ya cancanci mai ƙarfin.

Game da ganye akwai abin da aka saba yi a garejojinmu, wato ƙara ganye ɗaya ko biyu a cikin tsohon ƙunshi. Wannan yana aiki na ɗan lokaci idan ganyen da aka ƙara ya yi daidai da faɗi da lanƙwasar sauran, an kuma sa sabon senta-bol da sababbin yu-bol, wato kusoshin da ke ɗaure ganye a jikin aksil, masu isasshen tsawo. Amma ganye sabo a tsakanin gajiyayyu shi ke ɗaukar mafi yawan aikin, don haka ko ya karye ko ya karya maƙwabcinsa. Abubuwa uku kuwa ban yarda a yi su ba ko da wasa: walda a jikin ganye, gasa shi da wuta don a dawo da lanƙwasarsa, da sa tubalin ƙarfe tsakanin ganye da aksil na gaba. Wuta tana kashe tauraren ƙarfen sifirin, tubali a gaba kuma yana iya zamewa a lokacin taka birki mai ƙarfi. Ga masu sandar murɗuwa, ɗaure notin gyaranta yana ɗaga gaba ba tare da an sayi komai ba, sai dai duk milimitar da aka samu a sama an cire ta ne daga saukar da taya ke yi idan ta faɗa rami, kuma shaf ɗin gaba mai juya taya da bol-joyin da ke haɗa ta da hannun ƙafa suna shiga kusurwar da ke cinye su. A dawo da ita tsayinta na asali, ko a ƙara abin da bai wuce milimita 30 ba, a tabbatar akwai sarari tsakanin hannun ƙafa da robar tsayawa.

Mataki na biyar shi ne yanke shawarar tsayi, kuma ga mafi yawan mutane amsar ita ce milimita 50, wato inci biyu. Tsohuwar mota ta riga ta zauna da milimita 20 ko 30, saboda haka a ido za ka ga ta tashi fiye da hakan. A wannan tsayin bututun birki da farfela mai kai ƙarfin inji ga aksil da sandunan sitiyari na asali galibi suna ci gaba da aiki, da zarar an haura kuwa sai jerin sayayya ya buɗe, motar kuma ta ƙara saurin kifewa a gangare da kwana, musamman mai kaya a rufi. A kuma sani cewa a motar aksil guda, ɗaga sifirin ba ya ɗaga tukunyar difaranshal da ke jikin aksil daga ƙasa ko da milimita ɗaya. Taya ce kaɗai take yin wannan. Idan ka tashi daga taya mai lamba 275/70R16 zuwa mai 285/75R16, faɗin da'irar tayar ya ƙaru daga kimanin milimita 791 zuwa 834, wato ka sami kusan milimita 21 a ƙarƙashin aksil, amma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 5 cikin ɗari, kuma injin 1HZ, wanda ba shi da tabo, wato na'urar cusa wa inji ƙarin iska, zai ji nauyin a hawan tudu da cikin rairayi.

Mataki na shida shi ne shok, kuma a nan ne irin hanya take yin hukunci. Shok ba ya ɗaukar nauyin mota. Aikinsa shi ne ya hana sifirin ci gaba da lilo, ta hanyar tura mai ta ƙananan ƙofofi, abin da ke mayar da motsi ya zama zafi. A kan kwalta wannan zafi kaɗan ne. A kan burji mai gargada kuwa, inda taya ke hawa da sauka sau da dama a daƙiƙa guda na tsawon sa'o'i, a ranar da zafin gari ya haura digiri 40, man yakan tsinke ya yi kumfa, shok ɗin ya daina riƙewa, motar ta fara shawagi a kan hanya. Za ka iya gwada naka: bayan tafiyar rabin sa'a a gargada ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga jikin kowane ɗaya, da hattara domin yana iya ƙona ka. Mai aiki zai yi zafi, wanda ka tarar da sanyi a tsakanin 'yan'uwansa ya mutu. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne a kai ba laifi ba ne, amma man da ke gangarowa har ƙasa alama ce ta sil, robar da ke tsare man, ya tafi.

Shok mai bututu biyu da iskar naitirojin a ciki shi ne ya fi yawa, ya fi araha, kuma bututun waje yana kare na ciki daga jifan tsakuwa. Mai bututu ɗaya, irin wanda Bilstein ta Jamus ta yi suna a kai, ya fi saurin fitar da zafi domin mai da iska a rabe suke, sai dai idan dutse ya lotsa jikinsa aikinsa ya ƙare. Akwai mai soso a ciki a madadin iska, wanda yake ɗaukar mai da yawa a babban jiki, akwai kuma mai ƙaramin tanki a gefe, wanda ya fi kowanne jure zafi amma yana da tsada kuma yana buƙatar mai gyara da kayan gyaransa. Ga wanda yake tafiyar kwana da kwanaki nesa da gari, shawarata ita ce babban shok mai bututu biyu daga kamfanin da ya yi sifirin ɗin, domin an daidaita su tare, sannan a ajiye tsofaffi biyu masu rai a cikin mota. Wanda bai ɗaga motarsa ba kuma ba ya gudu a gargada, sabon shok na asali daga Toyota, ko na KYB ko Tokico, ya ishe shi.

Tsawon shok yana da muhimmanci kamar irinsa. Idan ya yi tsawo a dunƙule, shi zai riƙa karɓar duka kafin aksil ya kai ga robar tsayawa, sai ya fashe ko ya karya mazauninsa. Idan ya yi tsawo a miƙe, koyil zai iya fita daga gurbinsa ko bututun birki ya ɗaure har ya tsinke. Idan ya yi gajere kuma, zai riƙa ƙurewa da ƙara a duk lokacin da taya ta sauka. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗaga shasi a bar aksil ya rataya, a duba koyil yana nan daram, bututun birki da na numfashin aksil kuma suna da sauran saki.

Mataki na bakwai ya shafi ƙananan abubuwan da ke biyo bayan ɗagawa. A samfurin 80 da Patrol, hannuwan da ke riƙe da aksil na gaba suna juya shi idan mota ta tashi, sai kusurwar kasta ta ragu, wato kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, kuma alamar hakan ita ce motar ta riƙa yawo a hanya kana ta gyara ta. Ana dawo da ita da bushin na musamman mai rami a gefe ko da faranti, bayan an auna a injin alaimen, wato na saita tayoyi, an ga adadin da ya ɓace. Akwai kuma bawul ɗin da ke kan shasi a baya wanda sandarsa ke haɗe da aksil, mai rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon zaman mota. Idan aka ɗaga motar ba a ɗaga mahaɗin sandar daidai da haka ba, bawul ɗin zai ɗauka motar a wofi take ko da tana cike, ya rage wa baya birki. Bakanike da yawa ba sa tunawa da shi, don haka ka tambaya da bakinka. Batun bushin kuma, na roba na asali ya fi dacewa da hannuwan aksil domin yana murɗuwa ba ya buƙatar giris, na folituretan mai launi yana da amfani a shakul idan za a riƙa ba shi giris, in ba haka ba ƙura takan shiga ta haɗu da shi ta cinye fin ɗin ƙarfen da ya ratsa bushin ɗin.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, ka je da lambar shasi da lambar kayan da ka ciro daga kundin kamfanin, ka duba ta a jikin ƙarfen kansa, domin kwali da fenti ba su da wuyar kwaikwaya. Ka tsayar da shok a tsaye ka danna shi ka ja shi sau uku ko huɗu: ya kamata ka ji turjiya iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ja ya fi dannawa wuya, mai iska kuma ya miƙe da kansa a hankali. Na Beljiyam yana da ma'ana a hannun ƙafa ko sanda, amma sifirin da shok da suka riga suka yi shekara 20 a wata ƙasa ba su da abin da za su ba ka. Idan kuɗi bai kai ba, a fara da gyara da bushin, sannan shok huɗu, sannan sifirin, kuma kullum bibbiyu a aksil guda.

Wajen ɗaurawa, wasu koyil suna zuwa ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo don gyara karkatar mota, kuma tun da a Ostireliya sitiyari a dama yake, namu kuma a hagu, sai a bi takardar kamfanin game da motar hagu a kuma gwada da awon da ka rubuta tun farko. Duk notin da ya ratsa bushin roba a bar shi sako-sako har sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta a ƙasa, sannan a ɗaure shi da sifanar awo, domin wanda aka ɗaure a rataye yana zama a murɗe kuma ba ya daɗewa. Kada a mayar da tsohon yu-bol. A kai motar alaimen, a gyara saitin fitilun gaba, sannan bayan kilomita 500 zuwa 1,000 a sake bin yu-bol da notocin shok da na Panhard, a sake auna ƙafafu huɗu a wofi da lode. Idan baya yana sauka ƙasa da gaba a lodin da ka saba, sifirin ya yi maka laushi ko kayan sun yi yawa. Idan kuma kusan ba ya motsi, ya yi tauri, sai a koma mataki ɗaya ƙasa a jerin kamfanin tun shok da bushin ba su fara biyan kuɗin ba.